Idan Hadimin Malam Ya Rasu Ba Zato: Yadda Ake Riƙe Jana'iza da Jama'a a Zangunan Akra

A gidan kowane babban malami, daga Nima zuwa Fadama, daga Sabon Zango zuwa Madina, akwai mutum ɗaya da komai ke bi ta hannunsa. Shi ke riƙe wayar Malam, shi ke shigar da baƙi, shi ya san wanda za a ce wa "Malam yana hutawa" da wanda za a shigar ko da tsakar dare ne. Idan aka yi rasuwa a cikin almajirai, shi ake fara kira. To ranar da shi ɗin ya yanke jiki ya faɗi, gidan kan rasa mai cewa a yi kaza, kowa yana ba da umarni, babu mai aiwatarwa. Saboda haka aikin farko, tun kafin a yi maganar likkafani, shi ne dattawan gida su tsayar da mutum ɗaya wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe har kwana uku, a faɗa masa a gaban mutane, a kuma faɗa cewa riƙo ne na makoki kawai, ba naɗi ba ne. Shi kuma ya raba aiki ga mutum huɗu: mai bin takardu, mai wanka da kabari, mai kula da jama'a da hanya, da mai riƙe kuɗi. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyu, musamman takardu da kuɗi, domin mai bin takardu zai wuni ne a waje.

Sa'ar farko

Wanda ya faɗi ba a ce masa mamaci sai likita ya ce. A kira 112, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, idan ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, har motar asibiti ta zo ko a sami motar da za ta kai shi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, huhu abin zai tafi. Addu'a a yi ta, amma masu yin ta su ja baya su ba da iska.

Mai raka shi asibiti ya ɗauki katinsa na asibiti, da Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), da katin inshorar lafiya, da duk ƙwayoyin da yake sha, har da kwalayen da suka ƙare. Waɗannan su ke raba jana'izar yau da ta jibi. Idan akwai likitan da ke duba shi kan hawan jini ko ciwon zuciya ko sukari, kuma ya gan shi kwanan nan, yana iya rubuta takardar dalilin mutuwa. Idan babu, ko an kai shi asibiti rai ya riga ya yi halinsa, ko ya cika jim kaɗan bayan an karɓe shi, to magana ta koma ƙarƙashin dokar binciken mutuwa ta 1960, wato Act 18. A nan sai an sanar da 'yan sanda, su kai rahoto ga majistare na gunduma, shi ne mai ikon cewa a binciki gawa ko a saki. Likita ba shi da ikon tsallake wannan, don haka tara matasa a ƙofar asibiti ana hayaniya ba ya kawo komai sai ɓacin rai da ƙarin jinkiri. Abin da ke aiki shi ne dattijo ɗaya mai natsuwa da ɗan'uwan mamaci na jini su bi ɗan sandan da aka ba aikin ƙafa da ƙafa, da tarihin rashin lafiyar a hannu, su roƙi a gaggauta saboda Musulmi ne. Manyan asibitocin Akra, Korle Bu da asibitin soja na 37 da Ridge da asibitin 'yan sanda, sun saba da wannan roƙo. A dai sani cewa rasuwar yammacin Juma'a ta fi wuya, don kotu ba ta zama Asabar da Lahadi a bisa al'ada.

Idan kuwa a gida ya cika kuma akwai abin da ya ɗaure kai, jini ko rauni ko kumfa a baki, kada a share ɗakin, kada a wanke kofi ko kwanon da ya ci abinci a ciki, kada a zubar da saura. A rufe ƙofa a kira 'yan sanda. Mutane kan yi saurin gyara wuri don sutura, daga baya wannan gyaran ya zama hujjar masu cewa an ɓoye wani abu. In babu abin tuhuma, a rufe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa tsakiyar kai, a miƙe hannuwa da ƙafafu tun jiki bai sandare ba, a lulluɓe shi.

Da an isa ɗakin ajiye gawa, a faɗa da baki kuma a sa a rubuta: Musulmi ne, sanyi kawai ake so, kada a yi masa allurar hana ruɓa. A Ghana gawa kan yi makonni ko watanni kafin a binne, ma'aikata sun saba yin allurar da wuri, in ba a faɗa ba ana iya yi.

Yadda ake gaya wa Malam

Wannan shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Wasu sukan ɓoye masa har dare wai don kada hankalinsa ya tashi, sai ya ji kukan mata ta taga, ko wani almajiri daga Kumasi ya bugo yana yi masa ta'aziyya. Wasu kuma yaro ne zai faɗo ɗaki a guje ya faɗa masa a tsaye. Duka biyun suna da haɗari ga dattijo mai hawan jini.

A karɓe wayoyin da ke kusa da shi tukuna. A sami mutum biyu, ɗaya sa'ansa ko abokin karatunsa, ɗaya ɗansa ko babban almajiri. A tabbata yana zaune, ya ci wani abu, ya sha maganinsa. Mai magana ya durƙusa ya ce: "Allah ya gafarta Malam, jikin Malam wane ne ya motsa da safen nan, an kai shi asibiti." Ya ɗan saurara. Malamai sun san irin wannan shigowa, galibi shi da kansa zai ce, "Ya cika ko?" Sai a ce, "Sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa." Kada a ja zancen ya wuce minti biyu, jan rai ya fi labarin ciwo. Bayan nan a bar shi da mutum ɗaya ko biyu, in ya yi hawaye a ƙyale shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Kada a buɗe ƙofa ga masu gaisuwa sai shi ya ce.

Matar mamaci da iyayensa su ma haka, mace babba ta je wa matar, ba saƙon waya ba. Sai an tabbata waɗannan gidaje sun ji sannan sanarwa ta fita.

Abu ɗaya da ake mantawa a ranar: maganin Malam. Sau da yawa hadimin ne kaɗai ya san wace ƙwaya ake sha da safe, wace da dare, da ranar komawa wurin likita. A nemo kwalayen a ranar, a kira likitan ko mai kantin maganin, a rubuta a takarda a manna a bango, a ɗora wa mutum ɗaya.

Sanarwa da lokaci

Ƙa'ida ɗaya ce: ba a faɗin lokacin jana'iza sai takardar sakin gawa da izinin binnewa suna hannu. Sanarwa biyu ake yi. Ta farko ta ce Allah ya yi wa wane rasuwa, za a sanar da lokaci nan gaba, daga bakin gidan Malam kawai. Ta biyu ta zo da wuri da lokaci. Wanda ya yi gaggawar cewa "bayan Azahar" tun gawa tana hannun hukuma, zai tara dubban mutane a rana, motoci su taso daga Kumasi da Koforidua da Ashaiman, La'asar ta yi babu gawa, kuma a irin wannan zaman jiran ne jita-jita ke haihuwa.

Sanarwar ta zama gajeriya, a rubuce da kuma a murya, don da yawa daga dattawa da mata saƙon murya suke saurara a WhatsApp. A yi da Hausa da Turanci, in unguwar ta haɗa jama'a a ƙara harshen Twi. Ladanan masallatan unguwa su karanta rubutu ɗaya, kada kowa ya ƙara nasa. Sarakunan Zango da shugabannin ƙabilu da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ba a barinsu su gani a Facebook, ana tura musu manzo ko a kira su. A hana ɗaukar hoton gawa tun daga asibiti, wanda ya riga ya sa a roƙe shi ya cire.

Mai bin takardu zai kai takardar dalilin mutuwa, ko ta majistare, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, wanda ke aiki da dokar 2020, Act 1027, a yi rajista a karɓi izinin binnewa, sannan a biya kuɗin kabari ga masu kula da maƙabarta, a karɓi rasit. Ya yi hoton kowace takarda da waya kafin ya miƙa ta. Ya duba rubutun suna harafi da harafi ya dace da na Ghana Card, domin Abubakar da Abubakari da Bukari mutum uku ne a wurin banki.

In dangi suka ce sai an kai shi gida, Tamale ko Yendi ko Bawku ko ƙetaren iyaka, a zauna da su a yi lissafi. Tafiyar Arewa wuni ce cur a mota, ga zafi, ga ƙarin takardu in za a ƙetare iyaka. An taɓa yi wa manya: tsohon mataimakin shugaban ƙasa Alhaji Aliu Mahama ya rasu a Korle Bu a Nuwamba 2012, aka yi masa salla a Akra aka kai shi Tamale, amma da ƙarfin gwamnati aka yi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, binnewa inda ya cika ya fi sauƙi kuma ya fi kusa da sunnar gaggautawa. Hukuncin dai na iyalinsa ne. Kusancinsa da Malam bai mai da gawarsa ta zawiya ba.

Wanka, likkafani, kabari

Masu wanka huɗu sun isa: mai wankewa, mai zuba ruwa, biyu masu juyawa. Almajirai za su yi ta neman shiga don neman albarka, a sa mutum a ƙofa. A tanadi bokiti uku, ɗaya na ruwa zalla, ɗaya da garin magarya ko sabulu, ɗaya da kafur don wankan ƙarshe, da safar hannu, da auduga, da filasta, da tawul biyu, da zanen rufe al'aura. A yi masa tsarki, a yi masa alwala, a wanke dama sannan hagu, sau uku, in bai tsarkaka ba biyar ko bakwai. Gawar da ta kwana a sanyi takan sandare, a ba ta ɗan lokaci, a yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada a tanƙwara gaɓa da ƙarfi. Wadda likita ya bincika tana da ɗinki a ƙirji da ciki, wani lokaci da kai. Ba a matsa cikinta, ba a cuɗa wurin ɗinki, zuba ruwa ake yi a hankali, a tsane, a sa auduga da filasta, in yana tsattsafowa a shimfiɗa leda a ƙarƙashin likkafani. Abin da masu wanka suka gani a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin. Kalma ɗaya irin "jikinsa ya yi baƙi" ta isa ta kunna wuta, alhali taruwar jini ce a gefen da gawa ta kwanta, abin da ke faruwa ga kowane mamaci.

Farin yadi goma sha biyu yakan ishi namiji matsakaici, mai jiki a sayi goma sha biyar. A mazhabar Malikiyya an so namiji ya sami biyar: riga, rawani, zane, da mayafai biyu na naɗewa. Masu bin mayafai uku su ma suna da hujjarsu. A tambayi iyali tun kafin a sa almakashi, kada a yi gardamar fiƙihu a kan gawa. Kowane mayafi ya fi tsawon mamaci da kamar taƙi biyu ta kai da ta ƙafa, a yaga igiyoyin ɗauri daga gefen yadin. Idan Malam ya ba da rawaninsa ko mayafinsa a sa, a karɓa a sa a natse ba tare da shela ba.

Masu haƙa su tafi maƙabarta, Awudome ko Madina ko wadda iyali suka saba, tun ana bin takardu, amma da sanin masu kula da wurin. Inda ƙasa ke da ƙarfi a yi lahadu ta gefen alƙibla, inda take da yashi ko damina ta jiƙa ta, musamman watan Yuni, a tsaga tsakiya, don lahadu a ƙasa mai laushi rushewa yake yi. A kai itace ko bulo na rufewa da ruwan kwaɓa ƙasa tun da wuri, a ajiye bokitin kwashe ruwa.

Salla da hanya

A yanke wanda zai ja salla tun a cikin gida. In mamaci ya bar wasiyyar wanda zai sallace shi, ita ce gaba. In babu, haƙƙin na waliyyansa ne, ɗa ko uba ko ɗan'uwa, su ne za su ce "mun ba Malam". A nemi wannan kalmar daga bakinsu ko da kowa ya san haka za a yi. In ana sa ran wani babban limami zai halarta, a san matsayinsa kafin a fito, kada a tsaya gaban makara ana "bismillah, a'a ku bismillah" jama'a suna rana.

A Akra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, La'asar tana shiga wajen uku da 'yan mintuna. Jana'izar bayan La'asar tana da ƙuncin lokaci: daga Nima zuwa Awudome sai an ratsa mahaɗar titunan Circle, zuwa Madina kuma sai an bi ta mahaɗun 37 da Tetteh Quarshie, a daidai lokacin tashi daga aiki. In takardu sun fito kafin sha ɗaya na safe, a sa bayan Azahar. In sun fito bayan uku, gara a kai safiya, ƙarfe tara ko goma, da a binne mutum da hasken waya.

Malikawa ba sa son shigar da gawa cikin masallaci, fili ko titin gaban masallaci ake amfani da shi. In za a tare titi, a je wurin 'yan sandan kula da hanya tun da safe a nemi jami'ai. Sallar ba ta da ruku'u ba ta da sujada, don haka sahu na iya matsuwa, fili kaɗan yana ɗaukar mutane da yawa. Kabbara huɗu ce, a sa lasifika da mai maimaita kabbara, in ba haka ba na baya za su yi sallama liman yana ta uku. Kafin a tayar, ɗan'uwan mamaci ya yi shelar bashi: wanda yake bin sa ko wanda shi yake bi ya ga wane, a faɗi suna ɗaya. Wa'azi a wurin kada ya wuce minti biyar. 'Yan siyasa za su zo, a karɓe su da mutunci a ba su wurin zama, lasifika kuwa a bar ta hannun ladan.

Wurin ɗaukar makara ne ake jin rauni. Kowa yana so ya taɓa, sai ta riƙa tangaɗi a kan hannaye. A zaɓi matasa goma sha biyu masu ƙarfi su kewaye ta, a buɗe layi biyu, mai so ya ɗauka ya karɓa taku kaɗan ya ba na gaba. Masu babura a kira shugabanninsu tun kafin salla a ba su aiki, su buɗe hanya a gaba a hankali, ba tsere ba wasa. Matashin da aka ba aiki ya fi wanda aka yi wa tsawa jin magana. Malam kuwa, in ya tsufa, a shigar da motarsa ta wata hanya, a kai masa kujera da lema, a fitar da shi kafin jama'a su watse. Mutum uku ko huɗu na jini su shiga kabari, sauran su ja baya daga baki don kada gefe ya rufta.

Abin da mutane za su faɗa

Mutuwar fuju'a a gidan malami ba ta wucewa ba magana. Tun kafin a dawo daga maƙabarta za a ji iri-iri. Wasu za su ce sammu ne ko guba, su kuma nuna wanda suke zargi, galibi wanda aka san suna takun-saƙa da marigayin kan kusanci da Malam, ko wata ƙungiya da ba a ga-maciji da ita. Wasu za su ce Malam aka nufa, hadimin ya tare masa. Wasu za su zo da mafarki, wasu da cewa Malam ya faɗa tun watan jiya a cikin ishara. Akwai kuma waɗanda ba sa magana, su ne abin tausayi: matasan da a ransu suke tambaya, mutumin da ke zaune a ƙafar Malam dare da rana, yaya addu'a ba ta tsare shi ba?

Yin kunnen uwar shegu da waɗannan ba ya kashe su. Abin da ke kashe su shi ne magana ɗaya bayyananniya daga bakin Malam ko na'ibinsa, a daren farko ko bayan wazifa, a ɗauka a murya a rarraba. Da izinin iyali a faɗi abin da likita ya ce cikin jimla ɗaya: zuciya ce ta tsaya, ko jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko gudan jini ne ya toshe huhu. Hawan jini yana iya zama a jikin mutum shekaru bai ji komai ba, kuma rayuwar hadimi, kwana a makare, tashi da asuba, cin abinci a tsaye, rashin zuwa asibiti don ba ya son barin Malam, ita ce irin wadda ke ɓoye shi. A nan ne binciken likita, wanda mutanenmu ke ƙi, yake da amfani: inda zargin guba ya yi ƙarfi, takardar likita ta fi rantsuwar mutum ɗari wanke wanda ake tuhuma.

Sannan a tuna wa jama'a abin da suka sani suka manta. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi ya tashi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bai bar maganar ta wuce ba ko da tana ƙara wa gidansa girma. Kuma 'ya'yansa bakwai, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Wannan ita ce amsar matashin da ke tambaya a zuci. Mafarki mai kyau a yi masa fatan alheri, amma ba a hawa mumbari da shi, ba a kuma tuhumar kowa da shi. Wanda ake zargi, Malam ya kira shi ya zaunar da shi kusa da shi a zaman makoki, jama'a su gani. Masu rubuta sunan mutum a Facebook ko TikTok cewa shi ya kashe, a ja kunnensu a ɓoye, a kuma sanar da su cewa yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankalin jama'a laifi ne a dokar Ghana. Masu kuka da suma a cikin mata da almajirai ba a yi musu tsawa, a fitar da su inuwa a ba su ruwa, a sa babba ya zauna da su.

Zaman makoki kwana uku ne. A raba wuri: gidan mamaci don iyalinsa, gidan Malam don almajirai da manyan baƙi, amma a riƙa tura kowace tawaga ta leƙa gidan mamacin, don sau da yawa jama'a kan cika ƙofar Malam, matar da marayun suna zaune su kaɗai. A sa wa Malam lokaci, misali bayan hantsi zuwa Azahar, sai bayan La'asar zuwa kusan Magariba. Abinci maƙwabta da almajirai ne za su kai, kamar yadda Annabi ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar, ba iyalin ne za su ciyo bashi su dafa wa baƙi ba. Ruwan leda buhu ɗaya guda 30 ne, mutum 500 a rana suna buƙatar buhu 35 zuwa 40. Maƙwabta Kirista da Gaawa ('yan ƙabilar Ga ta Akra) za su zo gaisuwa, a sa mai tarbarsu ya nuna musu wurin zama. Addu'ar uku da bakwai da arba'in, gidajen ɗariƙa suna yi, Ahlussunna ba sa yi, a bi abin da iyalin mamaci suke kai, wanda ba ya yi ya yi gaisuwarsa ya tafi.

Kuɗi, waya da amana

Lambar MoMo (asusun tura kuɗi ta waya) ɗaya za a sanar, da sunan da zai fito idan an tura, domin 'yan damfara kan buɗe tasu da hoton mamaci tun ranar farko. Mutum biyu su riƙe littafi, a rubuta kowace gudummawa da abin da mai ita ya ce: ta jana'iza ce, ta iyali ce, ko hadiyya ce ga Malam. Ambulan da aka miƙa wa Malam da sunan marayu ta marayu ce. Kowane dare a ƙirga a sa hannu.

Ɗakin hadimin da jakarsa da wayoyinsa a kulle su tun ranar farko, mabuɗi a hannun wanda iyali da gidan Malam suka yarda da shi. Bayan kwana uku a buɗe a gaban mutum uku, na iyali, na gidan Malam, da dattijon da ba ya ɓangare, a rubuta komai. A irin wannan ɗaki ana samun fasfo na mutane, kuɗin ajiyar aikin Hajji, takardun fili na makaranta, kuɗin Maulidi, da wasiƙun mutanen da suka kawo wa Malam sirrinsu. Abin da yake amana a mayar wa masu shi, wasiƙu a miƙa wa Malam a rufe. Abin da yake nasa ya shiga gado. Inda aka kasa rabewa, a ajiye har a sami shaida. Kada wanda ya san lambar sirrin wayarsa ya cire kuɗi ko da niyyar alheri, a bi ta kamfanin da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta kula da dukiya. A riƙa sa wa layin kuɗi don kada a rufe shi, lambobin rabin mutanen Malam suna ciki. In ya taɓa aikin albashi, a bincika haƙƙin magada a SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata.

Daga dukiyarsa ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Matarsa tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Dokar gado ta Ghana ta 1985, PNDC Law 111, rabonta ya bambanta da na shari'a, don haka inda akwai gida ko fili a haɗa malamin gado da lauya tun kafin a raba, a rubuta yarjejeniyar magada. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu. In ɗakin da suke ciki na gidan Malam ne ko na zawiya, ba a tayar da ita, kuma a gaya mata haka da baki tun makon farko don hankalinta ya kwanta. Alƙawuran da ake yi a bakin kabari, "karatun yaran yana wuyana", a rubuta su da sunan mai alƙawari a ranar. Mutum ashirin masu ba da kaɗan-kaɗan duk wata sun fi amfani ga marayu a kan tarin kuɗin rana ɗaya da zai ƙare kafin arba'in.

Maganar wanda zai gaje shi a wurin Malam a jinkirta ta har a yi arba'in, kuma Malam ne mai zaɓa. Kafin nan a bar aikin a rarrabe: wani da waya da baƙi, wani da magani da asibiti, wani da kuɗi, wani da mota da tafiye-tafiye. Ko bayan an tsayar da sabo, kuɗin zawiya ya koma asusun banki mai sa hannun mutum biyu, lambobin waya da jadawalin magani a rubuta su a littafi biyu, ɗaya a ɗakin Malam, ɗaya a hannun babban ɗansa. Ranar addu'ar bakwai, tunda jama'a sun taru kuma tsoro bai sake su ba, a gayyato ma'aikatan jinya biyu ko uku daga cikin 'yan unguwa da na'urar awon jini da ta sukari, a sa musu tebur a gefen rumfa, a fara da direban Malam da ladan da masu tsaron ƙofa.